Wasiƙa zuwa Damagaram, kan jikin Baba

Kano, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya kuma jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne.

Tun ranar da muka yi waya maganarka ta tsaya mini a rai, musamman da ka ce wasu a gida na cewa tsufa ne, wasu kuma har sun fara cewa son jiki ne. Wannan ta biyun ta yi mini ciwo. Mutumin da tun yana da sauran ƙarfinsa yake kukan kasala, da ciwon gaɓoɓi, da gudawar da ke tafiya ta dawo, da mantuwar da zai ajiye carbi ya rasa inda ya sa, ai ba a ce masa mai son jiki. Shi ya sa na ɗauki biro, don waya ba ta ɗaukar doguwar magana.

Kai ka ba ni labarin cewa Baba yana cikin sojojin da Nijar ta tura Saudiyya bayan Saddam na Iraƙi ya mamaye Kuwait a watan Agustan 1990. Yaƙin bai yi tsawo ba. An fara ruwan bama-bamai ranar 17 ga Janairun 1991, na ƙasa kuma kwana huɗu ya yi a ƙarshen Fabrairu. Amurka ta kai sojoji kusan 700,000, Birtaniya kusan 53,000. Da suka koma gida sai dubbai suka fara zuwa asibiti da irin koken Baba sak, har da ciwon kai da ƙuraje da rashin barci. A gwada jini a ga lafiya lau, a ɗauki hoto a ga ba komai, sai a ce musu firgicin yaƙi ne, su je su huta. Yau ana ƙiyasta cewa tsakanin mutum 175,000 zuwa 250,000 daga cikin sojojin Amurka ne ke ɗauke da wannan lalura, wadda ake kira ciwon Yaƙin Gulf.

Abubuwan da suka shiga jikinsu kuwa da yawa. Akwai hayaƙin rijiyoyin mai sama da 600 da sojojin Iraƙi suka cinna wa wuta, wanda ya mayar da tsakar rana kamar magariba, ba a kashe ta ƙarshe ba sai Nuwamban 1991. Akwai maganin ƙwari da suka riƙa fesawa a tantuna da kaki. Akwai wata ƙwaya mai suna pyridostigmine bromide da aka riƙa ba su duk bayan awa takwas don kariya daga iskar guba. Sannan a watan Maris na 1991 sojojin Amurka sun tarwatsa wani rumbun makamai a Khamisiyah, a kudancin Iraƙi, ashe da iskar guba mai suna sarin a ciki. Sai a 1996 ma'aikatar tsaron Amurka ta amsa haka. Shekara biyar, aminina, mutane na kwance suna tambayar me ya same su. A 2008 wani kwamitin bincike da majalisar dokokinsu ta sa aka kafa ya fito fili ya ce ciwon na gaske ne, ya fi ɗora alhakin kan ƙwayar nan da maganin ƙwarin.

Amma binciken da ya fi tsaya mini shi ne na Dakta Robert Haley na jami'ar UT Southwestern da ke Dallas, wanda ya fito a 2022. Ya ɗauki tsofaffin sojoji 1,016, rabi marasa lafiya, rabi masu lafiya. Ya tambayi kowa ko ya ji ƙarar na'urar gargaɗin iskar guba a fagen daga, sannan ya duba wata ƙwayar halitta ta gado mai suna PON1. Ita ce ke sa jiki ya samar da sinadarin da ke cikin jini mai karya irin wannan guba, kuma iri biyu ce, wata mai ƙarfi a kan sarin, wata mai rauni. Sai ya tarar waɗanda suka ji ƙarar kuma suka gaji mai raunin daga uwa da uba, haɗarin kamuwarsu ya kusan ninka tara. Ka ga amsar tambayar da aka daɗe ana ƙure su da ita, wai don me wane da kuka kwana tanti ɗaya yake lafiya. Jini ne ba ɗaya ba.

Ban ce lallai wannan ne ke damun Baba ba, likita ne zai faɗa bayan ya duba suga da hawan jini da ƙoda da sauransu. Roƙona ɗaya ne. Ka zauna da shi bayan la'asar, lokacin da hankalinsa ya fi kwanciya, ka ɗauki littafi. A wane gari aka ajiye su, wata nawa suka yi, ya sha wata ƙwaya, ya shaƙi hayaƙin nan, ya taɓa jin an ce su sa abin rufe fuska, kuma yaushe ciwon ya fara? Kada ka matsa masa, in ya yi shiru ka bar shi zuwa gobe. In akwai abokan aikinsa da ke raye, ku neme su, wataƙila su tuna abin da ya shige masa. Ku tafi da littafin nan asibiti ku miƙa wa likita.

Kuma don Allah ka ja kunnen ƙannenka, kada wanda ya sake faɗin kalmar son jiki a inda zai ji.

Ka gaishe mini da Inna da maiɗakinka da yara. Ka ce wa Baba ɗansa na Kano yana yi masa addu'a, kuma in Allah ya yarda bayan Sallah zan hau mota ta Daura in zo in duba shi da kaina.

Naka har kullum,
Amininka