Godiya ga masu lambun shuka na unguwarmu a Kaduna

Assalamu alaikum.

Malam mai lambu, da yaran da ke aiki a hannunka,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a maimakon in tsaya bakin lambu in faɗa muku baki da baki. Yabon gwani ya zama dole. Kuma na san akwai magidanta da yawa a garin nan da ke fama da irin matsalar da kuka warware mini, suna ta zuba kuɗi a ciyawa da maganin feshi ba tare da samun biyan bukata ba.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: filin da ke gaban gidana ciyawar kafet aka dasa masa tun farko, mai faɗin ganyen nan da ke kwanciya luf a ƙasa. Daga baya kiri-kiri, wadda masu lambu ke kira Bahama, ta kutso ciki. Da damina kafet ta yi kore shar ta rufe ko'ina, da an shiga hunturu sai ta fara ƙonewa a tsakiyar fili, kiri-kiri ta samu ƙofa ta miƙe. Kowace shekara iyakarsu sai ta motsa, filin ya zama dabbare-dabbare, nan ganye mai faɗi, can siriri, ga wuraren da ƙasa ta fito tsirara. Na zo wurinku da niyyar sayen sabuwar kafet ta filin gaba ɗaya, da maganin da zai kashe kiri-kiri.

Ciniki ne mai tsoka ya zo har ƙofarku, amma ka ce ba za ka sayar mini da ko kwando ɗaya ba sai an ga filin. A nan girmanka ya fara ƙaruwa a idona.

Yaron da ka turo bai zo da buhu ko kwalba ba. Turaku ya zo da su da igiya. Ya duba filin da hantsi, ya sake dubawa da azahar, ya dawo bayan la'asar, kowane lokaci yana kafa turke a inda inuwar mangwaro da ta katanga ta tsaya. Da ya ɗaura igiyar, sai ga shi layin ya bi kusan daidai inda ciyawar biyu ke karo da juna. Sannan ya sa shebur ya ɗago ƙasa a ɓangaren kiri-kiri ya karkaɗe, ya nuna mini wasu fararen jijiyoyi masu gaɓa-gaɓa, bakinsu da tsini, suna tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa. Ya ɗago ta ɓangaren kafet, babu irinsu ko ɗaya, sai yaɗon da ke bisa ƙasa da gajerun saiwoyi. Gani ya kori ji.

Bayanin da ka yi mini daga baya shi ne abin da na fi so jama'a su ji. Kiri-kiri tana yaɗo ta sama, tana kuma bi ta ƙasa, kuma kowace gaɓa tata idan ta samu danshi sabuwar shuka ce. Shi ya sa sararta da fartanya ba ya rage ta, ƙara ta yake yi. Tana son rana tsantsa, aƙalla awa 6 a yini, tana jure fari da tattaki, shi ya sa ake shimfiɗa ta a filayen ƙwallo. Idan ruwa ya ɗauke sai ta yi ja kamar ta mutu, amma jijiyarta na nan da rai, ruwan farko zai tashe ta. Abin da ba ta iyawa da shi shi ne inuwa. Ita kuwa kafet asalinta daga yankunan Amurka masu zafi da yawan ruwa take. Danshi take so, tana haƙuri da inuwa, ba ta neman taki da yawa, amma saiwarta ba ta da zurfi. A gari irin Kaduna, inda ruwan sama kan wuce milimita 1,000 a shekara amma ya ɗauke ƙaf daga Nuwamba har wajen Maris, damina tata ce, rani na kiri-kiri ne. Ka ce mini in ɗauke su kamar kishiyoyi: tun da gida ɗaya ya haɗa su, a ba kowace ɗakinta a zauna lafiya.

Game da feshi ma ba ka ɓoye mini komai ba, alhali kana da maganin a shagonka. Ka ce maganin feshi na 2,4-D na haki masu faɗin ganye ne waɗanda ba dangin ciyawa irin su kafet da kiri-kiri ba, don haka ba zai yi wa kiri-kiri komai ba. Gilaifoset, irin su Roundup, ba ya zaɓe: duk koren da ya taɓa zai kashe, har kafet ɗin da nake son cetowa, kuma ita kiri-kiri ba ta cika mutuwa a fesawa ɗaya ba. A ganina wannan gaskiyar kaɗai ta isa a yaba muku, domin samun mai sayarwa da zai ce kayansa ba za su yi maka aiki ba sai an tona.

Da damina ta kankama a watan Yuni kuka yi aikin. Kuka haƙa rami siriri a kan layin igiyar, zurfin santimita 20, kuka jera bulo a tsaye kuka liƙe tsakaninsu da siminti, saman ya ɗan ɗara ƙasa. Ɓangaren rana kuka bar wa kiri-kiri, kuka cike gurbin da ya rage da yankakkun yaɗonta na cikin gidan, ba tare da na sayi komai ba. A ɓangaren inuwa yaranka suka durƙusa suna tsince jijiyar kiri-kiri da hannu, suna zubawa a buhu don kada guntu ɗaya ya faɗi a hanya. Kafet kaɗan na saya, ta cikon inda aka tsince. Gindin mangwaro kuwa ka ce kada in wahalar da kaina, babu ciyawar da za ta yi a inuwa mai duhu haka ga saiwar bishiya na shanye ruwa, aka zagaye shi da tsakuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yanka da ban ruwa da taki suke yanke hukunci tsakanin ciyawar biyu. Kun koya wa yaron gidana ya saukar da wuƙar inji zuwa santimita 2 ko 3 a kan kiri-kiri, ya ɗaga ta zuwa wajen 5 a kan kafet ta cikin inuwa, don ganyenta ya samu hasken da zai ishe shi, ya kuma danne duk wata kiri-kiri da ta leƙo. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. A fara da kafet, a ƙare da kiri-kiri, sannan a kakkaɓe ƙarƙashin injin, domin a jikinsa guntayen ke ƙetara iyaka. Takin yuriya, mai kashi 46 cikin 100 na sinadarin naitirojin, kiri-kiri kaɗai ake watsa wa, da damina, a bi shi da ruwa. Idan aka watsa shi a kan kafet, to abokiyar gabarta aka ciyar. Da rani a ba kiri-kiri ruwa mai yawa da sassafe amma jefi-jefi, don saiwarta ta nutsa, ita kuma kafet a riƙa jiƙa ta akai-akai.

A nan zan ɗan tsaya, don zancen ruwa ba ƙarami ba ne. Ina ganin gidaje da aka shimfiɗa wa kafet a tsakiyar rana, ana ta janyo ruwan burtsatse safe da yamma a watan Maris don kada ta ƙone, a unguwar da maƙwabta ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Wannan bai kwanta mini a rai ba. Tun da kuka raba filin nan, ɓangaren da ke neman ruwa kullum ya koma ɗan kaɗan, kuma yana cikin inuwa inda ƙasa ba ta saurin bushewa.

Sauran ciyayin da suka kutso filin ma kun gano musu dalili. Tujin da ya addabi hanyar shiga, kun ce alamar ƙasa ta daddanne ce, kuka sassauta ta kuka jera duwatsun takawa. Aya-ayar da ke kusa da famfo, kun nuna mini yoyon da ke ciyar da ita, kuka ce a riƙa cire ta tun ba ta kai ganye biyar ko shida ba, kafin ta ajiye sababbin 'ya'ya a ƙasa. Kun kuma hana a kawo ɗanyen kashin shanu, saboda irin ƙarangiya da na tuji da ke zuwa a cikinsa, sai wanda ya ruɓe sosai.

Ba ku yi mini alƙawarin ƙarya ba. Ka faɗa ƙarara cewa kiri-kiri ba za ta daina gwada ƙetarawa ba, dole a bi layin bulon da wuƙa duk bayan mako biyu da damina a datse yaɗon da ya haura. Haka muke yi, kuma damina da rani sun zagayo ba tare da iyakar ta motsa ba.

Roƙona ɗaya ne, Malam. Ka sa a rubuta allo a bakin lambu, da Hausa, mai nuna wace ciyawa ce ta rana, wace ce ta inuwa, domin ba kowa ne zai samu zama da kai kamar yadda na samu ba. Ka kuma ci gaba da ɗaukar matasa kana koya musu, don yaron da ya zo da turakun nan ya riga ya zama abin alfahari. Filin bayan gida na nan yana jiran ku idan ruwa ya sauka, in Allah ya kai mu.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ƙara kasuwa, ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani magidanci a Kaduna