Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Matan da Suka Yi Jinyar Sankarar Mama

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bayan godiya ga Allah da ya tashi kafaɗunmu, ya kuma ba mu ikon tsaya wa wasu, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta aiwatar a shekarar da ta ƙare. Muna roƙon Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikinta, ya ba iyalansu haƙurin rashi.

Rakiyar sababbin majinyata ita ce ta fi cin lokacinmu, kuma a ganin kwamiti babu aikin da ya kai ta amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya, ta kuma yi ajalin kimanin mutum 670,000. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 yana neman a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan kashi 80 cikin ɗari su kai ƙarshen magani ba tare da sun yanke ba. Wannan na ƙarshe shi ne wanda hannunmu zai iya kaiwa, domin mun sha ganin yadda mace take karaya idan tashin zuciya da kasala suka taso mata bayan allurar kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, har ta fara tunanin daina zuwa asibiti.

Saboda haka muka haɗa kowace sabuwar majinyaciya da ta amince da mamba ɗaya wadda ta riga ta bi wannan hanya. Ita ce take zama kusa da ita ranar allurar farko, ta rubuta mata tambayoyin da za ta yi wa likita tun kafin ruɗewa ta sa ta manta, ta gaya mata cewa gashi yakan fara zubewa makonni biyu zuwa uku bayan farawa kuma yakan sake tsirowa idan an gama, ta jaddada mata cewa zazzaɓi a lokacin kemo ba abin jira ba ne har gari ya waye. Maganar da likita ya faɗa a taƙaice takan fi zama a zuciya idan ta sake fitowa daga bakin wadda take da tabon tiyata a ƙirjinta. Duk da haka ƙa'idarmu tana nan: 'yar sa-kai ba ta ba da magani, ba ta kuma sauya abin da likita ya tsara.

Zamanmu na wata-wata ya karkata ne ga rayuwa bayan sallama, wato lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, kowa yana ganin an warke, alhali jiki da zuciya ba su gama farfaɗowa ba. Ma'aikaciyar jinya ta koya mana auna kaurin hannu da tef ɗin tela don gano kumburin da kan biyo bayan cire kaluluwar hammata, wanda yakan iya bayyana ko bayan shekaru. An tattauna a kan ƙwayoyin rage haɗarin dawowar cutar irin su Tamoxifen, waɗanda ake sha shekara 5 zuwa 10, da yadda wasu suke ajiye su da zarar sun ji sauƙi, abin da muke roƙon kowa ta guje masa. Mun fara tattaki tare don cika minti 150 na motsa jiki da ake so a mako, masu ɗinki a cikinmu kuma sun koyar da haɗa matashi mai laushi da ake sa wa a rigar mama bayan tiyata. Wasu mambobi sun koma bakin aikinsu, wasu sun koma karatu, mun kuma yi murna da su ƙwarai.

A ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da cutar daji ta duniya, da kuma cikin Oktoba, watan faɗakarwa kan sankarar mama, mun fita wayar da kai. Saƙonmu bai sauya ba: duk wadda ta ji kullutu a mama ko hammata, ko ta ga fatar wurin ta canza, ta je asibiti ko da ba ya ciwo. Mun tunatar da maza cewa su ma tana kama su, ko da yake ba kasafai ba.

Akwai abin da ya dami kwamiti. Wasu daga cikin 'yan sa-kai mafiya himma sun tsallake ranakun ganin likitansu saboda hidimar wasu, wasu kuma rasuwar wadda suka yi wa rakiya ta girgiza su sosai. Don haka daga shekara mai zuwa ba za a ba mamba sabuwar majinyaciya ba sai ta nuna cewa tana zuwa nata bibiyar, kuma wadda ta nemi hutu za a ba ta ba tare da neman dalili ba. Za a kuma shirya zama na musamman da mazajen mambobi da 'ya'yansu, kamar yadda da yawa suka buƙata.

Ma'aji za ta karanta bayanin kuɗi a babban taro, inda za a buɗe rajistar masu son shiga horon rakiya na gaba.

Wassalamu alaikum.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa