Sanarwa ga ƴan rukunin lab na Kumasi: finol a kalos ɗin zogale

Salamu alaikum ƴan uwa. In kalos (dunƙulen ƙwayoyin shuka da ake reno a lab) ya fara dafewa kamar yankakkiyar doya da ta sha iska, finol ɗinsa (wani rukunin sinadaran cikin shuka) ne ke haɗuwa da iskar oksijin. A mayar da kalos ɗin sabon abincin MS (haɗin sinadaran renon shuka na Murashige da Skoog), pH 5.8, da ɗan garin gawayi. Kada a cika gawayin, yana shanye sinadaran girma ma.

Wanda ya zuba asid askobik (bitamin C) don hana dafewar, don Allah ya wanke kalos sosai kafin ya jiƙa shi a metanol kashi 80. Asid ɗin ma yana shuɗar da Folin (sinadarin auna yawan finol), lamba ta haura a banza. Folin a karanta a 765 nm, DPPH (sinadarin gwada ƙarfin antioksidan) a 517 nm bayan minti 30 cikin duhu, haske na kashe launinsa.

In an ɗauke wuta, kada a buɗe firiza.