A Kafa Ɗakin Tarihin Zangon Kumasi Tun Dattawanmu Na Da Rai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin Mai Martaba Sarkin Zango, da limamanmu, da attajiranmu, da 'yan bokon da ke cikinmu, zuwa ga tarihin zangunan Kumasi ta ƙasar Ghana, wato unguwannin da fatake da sauran baƙi Musulmi suka kafa, wanda yake salwanta a hankali alhali muna da halin cetonsa. Duk dattijon da aka kai makwancinsa daga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, yana tafiya ne da sunayen fataken da suka sauka a gidan mahaifinsa, da labarin yadda aka sami filin masallacin unguwa, da salsalar malaman da suka karantar da shi, kuma mafi yawan wannan ba a taɓa rubuta shi ba.

Akwai abin koyi a wani wuri mai nisa da mu, wato ƙananan hukumomin karkara na filayen ciyawa da ke tsakiyar Amurka. A ƙaramar hukumar Custer ta jihar Nebraska, wadda mutanenta ba su kai 11,000 ba, akwai ƙungiyar tarihi da gidan ajiye kayan tarihi a garin Broken Bow. Manoman da suka kafa yankin sun zo ne bayan dokar 1862, wadda ta ba mutum eka 160 idan ya zauna a kanta ya noma ta shekara 5, kuma da yake itatuwa sun yi ƙaranci a ƙasar, sai suka riƙa yanko ƙasa mai saiwar ciyawa suna jera ta kamar tubali suna gina ɗakuna. Talakawa ne waɗanda ba wanda ya zaci tarihi zai kula da su. Amma daga 1886 wani mai ɗaukar hoto, Solomon Butcher, ya shiga bin su gona-gona yana ɗaukar kowane iyali a ƙofar gidansu tare da dabbobinsu, yana rubuta sunayensu da labarin zuwansu. A 1899 gobara ta cinye gidansa da rubuce-rubucen da ya tara, sai dai gilasan da aka ɗauki hotunan a kansu sun tsira saboda a wani ɗaki daban ya ajiye su, ya kuma sake tattara labaran har ya buga littafin tarihin yankin a 1901. Yau fiye da hotuna 3,000 na aikinsa suna hannun ƙungiyar tarihi ta jihar, kuma jikokin waɗancan manoma suna iya ganin fuskokin kakanninsu.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga wannan shi ne cewa mutanen wurin ba su jira sai wani babban masani ya zo daga birni ba, kuma abin da aka ajiye a wuri guda kaɗai yana cikin haɗari. Mu da muka sha ganin gobara a kasuwannin Kumasi, muka kuma san yadda ruwa yake shiga gidajen Aboabo da damina, ba mu da hujjar barin takardun kakanninmu a cikin adaka ɗaya a ƙarƙashin gado.

Tarihin da muke da shi kuwa ba ƙarami ba ne. Fatakenmu sun daɗe suna bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Borno, suna kawo kanwa da tufafi da fatu zuwa kasuwar Salaga su koma da goron Asante. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, sannan bayan Turawan Ingila sun kama Asantehene, wato Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya a 1896, da kuma bayan yaƙin 1900 da sarauniya Yaa Asantewaa ta jagoranci Asante a kan Turawa, hanyar Kumasi ta buɗe, Zango ya cika ya batse. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, ya rubuta abubuwan da ya gani da idonsa cikin waƙoƙin Hausa da Larabci, amma tsohon garin da ya zauna a ciki ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami masu yawa a shekarun 1960, kuma sun cancanci godiya, sai dai yaron da ke makarantar allo a Asawase bai san da zamansu ba, balle ya karanta.

Abin da ya fi damuna shi ne 1969. A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya bar ƙasa, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, aka raba mata da miji, aka raba 'ya'ya da iyaye, wasu da aka haifa a nan aka kai su garuruwan da ba su taɓa gani ba. Wanda yake da shekara 15 a lokacin, yau ya haura 70. Idan ba a zauna da waɗannan bayin Allah yanzu ba, abin da zai rage wa jikokinmu shi ne takardun gwamnati kawai, waɗanda suke faɗin ranar da aka fitar da doka, ba sa faɗin wanda ya riƙe wa maƙwabcinsa amanar gida har ya dawo.

Shawarata ita ce a ware ɗaki ɗaya a fadar Sarkin Zango ko kusa da babban masallaci, a naɗa kwamitin amintattu, a koya wa matasa kaɗan yadda ake hira da dattijo da wayar hannu, da izininsa, a rubuta sunansa da ranar hirar da unguwarsa. Takardun filaye, da wasiƙun fatauci, da hotunan ɗaurin aure da na dawowa daga Makka, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su nan take, domin iyalai da dama ba za su yarda su rabu da gadonsu ba, kuma suna da gaskiya. A ajiye kwafi a ɗakin, wani a ofishin ajiyar takardun gwamnati na Kumasi, wani a Legon. A nemo malamanmu da suka iya ajami su juya rubuce-rubucen zuwa boko tun suna da ƙarfin ido. Sannan kada a kulle abin da aka tara, a kai shi gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa, a kai shi makarantun Islamiyya, a sa shi a intanet domin 'yan'uwanmu da ke Kano da Yamai da Turai su ji muryar kakanninsu.

Wajibi ne kuma mu guji kuskuren da tarihin yankunan Amurka ya daɗe yana yi, inda aka cika littattafai da labarin manoma baƙi aka manta da 'yan asalin ƙasar irin su Pawnee, waɗanda aka tayar daga Nebraska a shekarun 1870. Zango na Hausawa ne da Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Wangarawa da Dagombawa, kuma iyayenmu mata masu koko da waake (shinkafa da wake) da suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu da cinikin ƙofar gida suna da labarin da ya kai na kowane maigida. Har batun bayin da aka sayar a Salaga, mai ɗaci ne, amma a rubuta shi yadda ya faru.

Kuɗin da aikin yake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Akwai Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka a 2017, wanda za a iya miƙa wa buƙata a rubuce, kuma kafin amsa ta zo, attajiri ɗaya zai iya sayen kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takardu. Ina roƙon Mai Martaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kira taron sarakunan ƙabilu da limamai a kan wannan batu, a fara da jera sunayen dattawan kowace unguwa da suka haura shekara 80, maza da mata, a soma hira da su kafin kowa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
daga Aboabo, Kumasi