Amsa ga ɗana da ya tambaye ni gaban jama'a ko Allah yana sake magana

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu, da fatan kana lafiya kai da babanka da ƙannenka.

Ran Lahadi bayan sujada, wurin taron matasa, ka miƙe gaban kowa ka ce Baba kullum kuna ce mana Allah ba ya sakewa, to ya anka yi ya ce za ya hallaka Nineba kuma bai hallaka ta ba, ya anka yi anka rubuta ya yi nadamar yin mutum, ina kaciya da hadayun da ya umurta, kuma in dai ba ya sakewa addu'a ta mi ce? Lokaci ya ƙure ranar, shi ya sa na ce zan rubuto maka, kuma tunda gaban jama'a ka tambaya to bari kowa ya ga amsar. Waɗanda sunka yi ta gunaguni baya kuwa don Allah ku bar yaron nan, wanda bai buɗe littafi ba ina zai san da Nineba balle ya tambaya.

Mu fara da Nineba ɗin, babban birnin Assuriyawa. Ka karanta babi na 3 na littafin Yunusa ka tsaya, ka ƙarasa zuwa na 4 mana. Mi ya sa annabin ya shiga jirgin ruwa ya nufi Tarshish tun farko? Shi da bakinshi ya faɗa, cikin fushi ma ya faɗe ta, ya ce ai dama na san haka za a yi tun ina ƙasarmu, na san kai Allah ne mai alheri mai jinƙai, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna, mai fasa masifa. Ka ji fa. Tun bai taka ƙafa cikin birnin ba ya san in mutanen nan sunka tuba za a yafe masu, kuma ba ya son a yafe masu don Assuriyawa ne, maƙiyan mutanenshi. Kalmomin nan ma ba nashi ba ne, su ne Musa ya ji bisa dutse cikin Fitowa 34:6 shekaru ɗaruruwa kafin a haifi Yunusa. To abin da mutum zai iya faɗi tun bai faru ba, ya rantse a kai har ya gudu saboda shi, ai hali ne da anka sani, tsayayye. Da a ce tun daga sarki har talaka sun yi azumi sun sa tsummoki sun bar mugunta, sa'annan Allah ya ce ai na riga na ce kwana 40 ya ƙone su da mutum fiye da 120,000 da ke ciki, ran nan ne za mu ce lalle Allahn Musa ya sake.

Kuma bai ɓoye ƙa'idar ba. Cikin Irmiya 18, gidan maginin tukwane, ya faɗe ta fili: in na ce zan tumɓuke wata al'umma sai ta juyo ta bar mugunta zan fasa, in kuma na yi ma wata alkawarin alheri sai ta koma ga mugunta shi ma zan fasa. Gaba da baya maganar take ci. Ita Nineba ɗin ta koma ga halinta daga baya, annabi Nahum ya yi mata shela da kusan kalmomin nan dai, Ubangiji mai jinkirin fushi ne amma ba ya ƙyale mai laifi, a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu Babilawa da Mediyawa sunka rushe ta, kufanta na nan har yau daura da Mosul ƙasar Iraki.

Kana zuwa awo kasuwa, ka san akwai mai awon da ke da tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban, wata ma an bubbuga gindinta ya shige ciki. Akwai kuma wadda mata ke bin layi wurinta don tiyarta guda ce, ko Alhaji ya zo ko almajiri, ko kaka ko bazara. Wanda ya kawo gero cikakke tiyar ta ce ya cika, wanda ya kawo ragagge ta ce bai cika ba, amsa biyu daban amma ba wanda zai ce tiyar ta sake. Abin da Ninebawa sunka kawo zamanin Yunusa daban, abin da jikokinsu sunka kawo zamanin Nahum daban.

Sai maganar nadama cikin Farawa 6:6. Nan ina so ka buɗe 1 Sama'ila 15 don babi ne mai ban mamaki. Aya ta 11 Allah ya ce ya yi nadamar naɗa Saul sarki, aya ta 35 ta maimaita, amma tsakaninsu aya ta 29 Sama'ila ya dubi Saul ya ce mashi Allah ba ya ƙarya ba ya sake tunani don shi ba mutum ba ne. Babi guda. Kana tsammani wanda ya rubuta bai lura ba? Ya lura sarai, da gangan ya aje su kusa da juna. Nadamarmu mu mutane ta da na sani ce, ka yi abu cikin duhun kai, daga baya ka gani ka ciji yatsa, shi ya sa anka ce da na sani ƙeya ce. Allah kam ba shi da da na sani, ba abin da ya zo mashi ba zata. Amma fa ban tare da masu cewa ai salon magana ne kawai, Allah ba ruwanshi. Littafin ya ce duniya ta cika da zalunci zamanin Nuhu kuma abin ya ɓata mashi zuciya, haka na karɓe ta. Ƙin zaluncin nan da ya yi zamanin Nuhu shi ne yake yi yau in ɓarayin daji sunka shiga wani ƙauye yankin Madarunfa ko Gidan Runji da dare sunka kora shanu sunka tafi da mata da yara. In da zai wayi gari wata rana jinin talaka bai dame shi ba, da mun shiga uku.

Kaciya da hadaya kuwa ba sai na daɗe ba, Bulus ya riga ya yi mana aikin. An lissafa bangaskiyar Ibrahim adalci cikin Farawa 15, kaciya sai babi na 17 ta zo, Shari'ar Musa kuma sai bayan shekara 430 kamar yadda Galatiyawa 3:17 ta ce. Wato hanyar bangaskiya ita ce babba, ita ta riga su. Sabon alkawari ma tun bakin Irmiya anka sanar da shi, babi na 31, wajen shekara 600 kafin Almasihu. Wanda ya ce maka tun wuri zan yi kaza sa'annan lokaci ya yi ya yi shi, cika magana ya yi. Da gardama ta tashi kan ko dole al'ummai su yi kaciya kafin su sami ceto, manzanni da dattawa sun zauna Urushalima sunka yanke ba dole ba, yana nan Ayyukan Manzanni 15. Mu nan dama kowa na yi ma ɗanshi kaciya, Kirista da Musulmi, amma ba ka taɓa jin wani fasto ya ce da ita za ka shiga mulkin sama ba. Hadayu kuma Ibraniyawa 10 ta ce jinin bijimai da awaki bai taɓa iya kawar da zunubi ba, nuni suke yi gaba, da wanda ake nunawa ya iso sai aikinsu ya ƙare. Kisankai da zina da sata da shaidar zur kuwa yadda suke haram jiya haka suke yau.

Na san akwai wata da ba ka kawo ba amma abokanka na fada suna yi maka ita in kuna shan shayi, wai in Allah ba ya sakewa ya anka yi ya zama mutum. Ka amsa masu da ladabi don maƙwabtanmu Musulmi su ma sun yarda Allah ba ya sakewa, nan ba mu da gardama da su, inda munka rabu kan Yesu ne. Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Wani malamin ikilisiya a Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai sa'ad da babu shi. Shugabannin ikilisiya sunka taru Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 325 sunka ƙi maganar, har sunka rubuta cewa duk mai cewa Ɗan yana iya sakewa ya bar koyarwar ikilisiya. A 451 kuma taron Kalsidon ya ƙara fayyacewa, Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah cikakken mutum, allahntaka ba ta rikiɗe ta koma jiki ba, ba ta kuma cakuɗe da shi ba. Abin da muke gaskatawa ke nan in mun karanta Yahaya 1:14 cewa Kalman ya zama mutum, bai bar abin da yake tun fil'azal ba, ɗaukar namu ya yi ya haɗa. Jikin ne ya ji yunwa ya gaji ya yi barci cikin jirgi, amma tausayin da ya sa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu shi ne dai wanda Musa ya ji labarinshi bisa dutse. Ba lalle su yarda ba, amma su ji abin da muke faɗi daga bakinmu.

Yanzu ta ƙarshe, ta addu'a, wadda nake jin ita ce ta tashe ka tsaye. Ka yi haƙuri zan taɓa inda ke maka ciwo. Bara duk muna nan lokacin jinyar mahaifiyarka. Ina tuna daren da munka zo asibiti, kana zaune ƙasa bakin gado ka riƙe mata hannun da anka sa ma ƙarin ruwa don kar allurar ta goce, matan zumunta sun shimfiɗa tabarma waje da kwanon kunu da ba wanda ya taɓa, suna waƙa a hankali suna addu'a har asuba. Mun roƙa da gaske, kuma ta tafi. Kai kuma ka san labarin sarki Hezekiya da ya kwanta ciwo, annabi Ishaya ya ce mashi ka kimtsa gidanka mutuwa za ka yi, ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Ishaya bai ko fita tsakar fadar ba anka ce koma ka gaya mashi na ji addu'arka na ga hawayenka, na ƙara maka shekara 15. Dole zuciya ta ce to mi ya sa shi anka ji mu ba a ji ba, ko Allahn ne ya sake.

Duk wanda ya zo ya ce maka ga dalilin da ya sa ba ta tashi ba, ko wai bangaskiyarku ce ta kasa, ya wuce gona da iri, kar ka saurare shi. Amma ka duba, littafin da ya ba mu Hezekiya shi ya ba mu Dawuda da ya kwana ƙasa yana azumi saboda jaririnshi kuma yaron ya mutu. Shi ya ba mu Bulus da ya roƙa sau uku a cire mashi ƙayar da ke jikinshi anka ce alherina ya ishe ka. Ubangiji Yesu kanshi a Getsamani ya roƙa a ɗauke mashi ƙoƙon, kuma ya sha shi. Tun can haka abin yake, wani a ba shi abin da ya roƙa wani a ba shi ƙarfin ɗauka, kuma ba a taɓa yi mana alkawarin cewa duk jinya za ta ƙare da warkewa nan duniya ba. Alkawarin da anka yi shi ne yana ji, ba zai yashe mu ba, kuma zai ta da nashi ran ƙarshe. Kan wanga mahaifiyarka ta tsaya har numfashinta na ƙarshe, kai shaida ne.

Mu mutanen Maradi mun saba da magana ta juya shi ya sa muke auna Allah da haka. Ba a haife ka ba a Janairun 1994 da munka wayi gari anka ce sefa ta faɗi rabi, kuɗin da ke aljihunka na nan amma kayan waje sun yi tsalle. Na 2019 da na 2023 kam ka gani da idonka, iyakarmu da Najeriya ta rufe, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, masu ci daga kai da kawowa sunka zauna. Kakannin da yawa cikinmu kuma da sunka fito daga bautar iskoki sun ba mu labari, yau a ce jan zakara ake so gobe baƙin bunsuru, kullum cikin lallashi kake ba ka san da wace fuska za a karɓe ka ba. Wa zai iya buɗe cikinshi gaban irin wanga? Ni abin da ke sa in durƙusa da safe shi ne na san wanda zan tarar. Shi da kanshi ya ce ku roƙa, ya kuma shirya abubuwa da yawa su zo ta hanyar roƙon ƴaƴanshi, to in na roƙa ya amsa tsarinshi ne ya cika. Ka duba Malakai 3:6 da muke yawan ja, ni Ubangiji ba na sakewa shi ya sa ku zuriyar Yakubu ba ku ƙare ba, mutane na tsayawa nan alhali ayar da ke bi mata cewa take ku juyo gare ni ni ma in juyo gare ku. Ga mutanen da sunka yi ta kauce mashi tun zamanin kakanninsu yake faɗin haka.

Ran Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da Littafi Mai Tsarki naka mu bi Romawa 4 da Ibraniyawa 8 zuwa 10 aya aya, don abin da na taƙaita kan Shari'a yana son zama. In cikin abokanka akwai mai son zuwa ka taho da shi. Ka gaishe mani da babanka.

Babanka cikin Ubangiji,
daga nan Maradi