Makin da na ba ƙawata a fodkas ɗinta

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

A ajinmu malami ya ce kowa ya haɗa fodkas, wato shirin murya da ake naɗawa don saurare, na minti goma sannan mu saurari na juna mu ba da maki, ni kuma na ƙawata ne ya faɗo hannuna. Ta yi nata ne kan Edgar Allan Poe, marubucin labaran ban tsoron nan na Amurka da aka haifa a Boston a 1809 ya mutu a Baltimore a 1849 yana ɗan shekara 40.

Gaskiya farkon ya yi daɗi sosai. Da labarinsa The Tell-Tale Heart na 1843 ta buɗe, wanda wani ya kashe tsoho ya ɓoye gawar a ƙarƙashin katakon ɗaki amma ya dinga jin bugun zuciyar mamacin har ya tona wa kansa asiri, ta sa ƙarar bugun zuciya can ƙasa-ƙasa ta rage murya kamar mai raɗa, wallahi da dare na saurara sai da tsigar jikina ta tashi. Amma daga wajen minti na huɗu kiɗan ya danne muryarta, sau uku ina mayarwa baya kafin in ji me ta ce.

Wannan ƙarami ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ta nuna Poe kamar mahaukaci ɗan maye kawai, shi ke nan. E yana da matsalar giya, amma wa ya fi yaɗa wannan hoton? Abokin gabarsa ne Rufus Griswold, kwana biyu da mutuwar Poe ya rubuta ta'aziyya mai cike da sharri da sunan bogi, daga baya ma har wasiƙun Poe ya jirkita. Ita ko sunan Griswold ba ta ambata ba. Ba ta kuma faɗi cewa mahaifiyar Poe ta mutu a 1811 yana ɗan shekara biyu ba, matarsa Virginia ma tarin fuka ya kashe ta a 1847, alhali mutumin da ya cika rubutunsa da mutuwar mata ai daga nan ya kamata a fara fahimtarsa.

Shida cikin goma na ba ta, na rubuta dalilina ɗaya bayan ɗaya har da mintin da kowace matsala take. Sauran ƴan aji kuwa tara da goma suka yi ta rabawa juna, wasu ko saurara ba su yi ba, wai kar a ɓata zumunci. Kwana biyu ba ta kula ni ba kuma abin ya yi min ciwo, don na san wahalar da ta sha tana naɗa a waya tana gogewa.

Roƙona ga malamai masu ba da irin wannan aikin, ku wajabta wa duk mai ba da maki ya rubuta dalilinsa da mintin da ya ji abin, kuma ku ba mai aikin damar gyarawa ya sake miƙawa. Ni dai na faɗa mata in za ta sake naɗa ɓangaren Griswold ɗin zan zauna da ita mu yi tare.

Taku,
Wata ɗaliba