Takardar Koke Daga Mutanen Zungeru Kan Gadar Lugga

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora, ta hannun hakiminmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka na Zungeru a Ƙaramar Hukumar Wushishi: dattawa, malaman makaranta, kafintoci da masu walda. Kukanmu a kan wata 'yar gada ce da aka haifa a garinmu, amma yau sai mun biya kuɗin mota zuwa Kaduna kafin mu gan ta.

Ranka ya daɗe, a 1902 Turawa suka mai da Zungeru hedkwatar Arewa. A 1904, shekarar da aka haifi Nnamdi Azikiwe a garin nan, Gwamna Lugga ya sa aka kafa gadar ƙafa a kan rafin Dago, domin ta haɗa gidansa da sauran unguwanni. Ba wata ƙatuwa ba ce, tsawonta bai kai mita 15 ba, faɗinta bai cika mita 2 ba. Ƙashinta ƙarfe ne, an shimfiɗa katako a inda ake takawa, da makari hagu da dama. Da hedkwata ta koma Kaduna, daga baya aka kwance ta aka bi da ita. Tana wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji, kuma tun 1956 take cikin kayan tarihi na ƙasa.

Ba yabon Lugga muka zo yi ba. Jinin Nagwamatse, wato gidan sarautar Kontagora, ya fi mu sanin abin da sojojin Lugga suka yi wa Kontagora a 1901. Sai dai tarihi ko mai ɗaci ne, a gidansa ya kamata a ba da shi. Kwanan baya wani malaminmu ya nuna wa 'yan aji biyar hoton gadar, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a wace unguwa take?" Ya buɗe baki ya rasa ta cewa. Mun ba ƙasa wutar lantarki megawat 700 daga madatsar ruwan Zungeru, amma baƙo in ya zo neman tarihi, kango da ciyawa muke nuna masa.

Roƙonmu, Allah ya taimaki Sarki, ka shige mana gaba wajen gwamnatin Jihar Neja da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, a dawo mana da gadarmu. In hakan ya faskara, kuma mun san Kaduna ba za ta saki cikin sauƙi ba, to a ba masu sana'armu izini su je su auna ta, mu ƙera irinta a mazauninta na asali, da allo mai bayanin tarihinta da Hausa da Turanci.

A nan kafintocinmu suka kafe kan abu ɗaya: sai an yi mata rufi. Sun ce ba nauyin masu wucewa ke kashe katako ba. Damina ta jiƙa shi, rana ta busar, ya tsage, ruwa ya kwanta a bakin ƙusa, ruɓa ta shiga, gara ta ƙarasa. Shi ya sa mutanen Turai da Amurka suke yi wa gadojin katako jinka kamar ɗaki. Ta birnin Luzan a Suwizalan tun ƙarni na 14 take, kuma abin da ya ci yawancinta a 1993 gobara ce, suka sake gina ta suka buɗe a 1994. Mu muna da kirya da maɗaci, muna da baƙin mai na korar gara. Kwano da ƙarfe da siminti ne suka fi ƙarfin aljihunmu.

Aikin hannu mun ɗauka kyauta. Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada su faɗi gaisuwa, da zanen aikin a hannu, tun kafin ruwa ya sauka rafin ya cika.

Allah ya ƙara wa Sarki imani.

Talakawanka masu biyayya,
Al'ummar Zungeru. Sa hannunmu da dangwalen yatsa suna haɗe da wannan takarda.